Awa uku bayan azahar: lamarin wata uwa 'yar shekara 16 a Gadarif

Ranar da maganar Talatu ta fara zuwa gare ni, ba da sunan karatu ta zo ba. Innarta ce ta shigo gidana bayan la'asar, lokacin ana yankan riɗi, ta zauna a bakin angarib, gadonmu na igiya, ta ce in taimaka in duba mata wani lissafi: malwa (mudun awonmu) nawa na gyaɗa suka saya a makon, nawa suka ba mai injin niƙa, nawa gawayi da leda suka ci, kuma me ya sa kuɗin ba sa dawowa yadda suka fita. Ta miƙo mini wani tsohon littafin makaranta da aka yage rabinsa. Lissafin a jere yake, uwar kuɗi gefe, riba gefe, an ja layi a ƙarƙashin bashin da suke bin maƙwabta. Na haura shekara 20 ina koyar da lissafi, na san hannun ɗalibi idan na gani. Na ce wa ya rubuta wannan? Ta kau da kai ta ce, "Ita wannan ɗin." Haka take kiran 'yarta ta fari, bakinta ba ya faɗin sunanta.

Talatu ba sunanta na yanka ba ne, ni na laƙaba mata saboda wannan rubutu, sauran mutanen gidan kuma na bar su da sunan dangantaka. Da yardarsu nake rubutawa. Abin da ya sa kuwa, tun da yaƙin nan na Sudan ya ɓarke, da wuya ka shiga layi a unguwannin Hausawan Gadarif, a gabashin ƙasar, ba ka tarar da irinta ba: yarinyar da aka rufe makaranta tana ɗaliba, aka buɗe tana da goyo.

Yadda aka zo nan

A Madani, babban birnin jihar Jazira, aka haife ta, a can ta tashi. Dangin uwarta mutanen Mai Wurno ne, garin nan da ke bakin kogi kudu da Sinnar, wanda ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa da jama'ar da suka yiwo hijira bayan yaƙin Burmi na 1903. Babanta ya yi shekaru yana ƙwadago a gonakin Jazira kafin ya koma jan karo, wato amalanke, a cikin gari. Ta ci jarrabawar aji takwas da maki mai kyau, ta shiga ajin farko na sakandare. Ba ta kai ƙarshensa ba yaƙi ya tashi a Khartum ranar 15 ga Afrilun 2023, aka rufe makarantu.

Yarinya na zaune a gida, Madani ta cika maƙil da waɗanda suka gudo daga Khartum, ba wanda ya san ranar da za a koma aji. Ɗan goggonta mai tuƙa raksha, babur mai ƙafa uku na haya, ya daɗe da yin magana, ana ce masa sai ta gama. To yanzu ta gama me? Bayan Babbar Sallah aka ɗaura, tana da shekara 15. Na taɓa tambayarta ko dole aka yi mata. Ta ce, "Ustaza, ba a tambaye ni ba, ni ma ban ƙi ba." Doka ba ta tsaya a hanya ba, don dokar iyali ta Musulmi ta 1991 ta bar ƙofar aure a buɗe tun daga shekara 10 idan alƙali ya amince, duk da cewa Dokar Yara ta 2010 ta ce wanda bai kai 18 ba yaro ne. Ba kuma yaƙi ne ya ƙirƙiro abin ba. Tun binciken gidaje na 2014 an samu cewa kusan ɗaya cikin kowace uku na matasan matan Sudan an aurar da ita kafin 18. Yaƙi dai ya kawar da uzurin da iyaye mata irin Inna suke fakewa da shi, wato "bari ta gama makaranta tukuna".

A watan Disamban 2023 dakarun Da'amus Sari', waɗanda gidajen rediyo ke kira RSF, suka shiga Madani. An ƙwace rakshar mijin. Suka bi ta Sinnar, suka ɗan huta wurin dangi a Mai Wurno, suka zagayo ta Dindir har Gadarif, gidan Kawu, yayan Inna. Gidan ɗaki biyu ne na bulo da bukka uku, kuma tun rikicin Shuɗin Nilu na 2022 akwai wasu 'yan uwa daga Rusairis da ke fake a ciki. Da zuwan su Talatu aka zama mutum 19 a kan randa biyu. Wanda ya san Gadarif ya san ba ta taɓa ƙoshi da ruwa ba, a ganga ake saye. Kawu ya nemo wa Baba jaki da karo, ya shiga sayar da ruwan.

Ta haihu a tsakiyar daminar 2024, lokacin da baƙar lakar garin nan ke cire wa mutum takalmi. Makonni kafin nan ƙafafunta sun kumbura, kai na sara mata. Daya, ungozomar unguwa, ta auna jininta ta ce wannan ba haihuwar gida ba ce, masu ƙananan shekaru su ne jijjiga ta fi kamawa. Allah ya sa aka ji maganarta. An samu mace, 'yar ƙarama, aka sa mata sunan Kaka, saboda haka kowa Ummi yake ce mata. Bayan suna mijin ya hau mota ya yi arewa, wajen haƙar zinariya. Talatu ba ta yi arba'in ba aka shelanta ɓullar kwalara a watan Agusta, Gadarif da Kasala na cikin inda ta fi ƙamari.

Sana'ar

Da gyaɗa gidan ke cin abinci, kuma sai an ga aikin ake gane inda lokacin yarinyar yake tafiya. Kafin kiran assalatu Inna ta hura wuta. Ana zuba yashi a kasko ya yi zafi, a juye gyaɗa a ciki, a yi ta juyawa ba ɗaga hannu, don in ka waiwaya sau ɗaya ta ƙone, ɗacinta kuma ya lalata kaskon gaba ɗaya. A tace yashin, a baza ta huce, a murje ɓawon da tafin hannu, a bushe a faifai, a zauna a tsince ruɓaɓɓu ɗaya bayan ɗaya. Wata a ƙulla ta haka a 'yan ledoji, wata a kai inji a niƙa ta zama dakwa. (Masu karatu daga Kano da Damagaram, dakwarmu ba dakuwarku ba ce ta aya. A Sudan niƙaƙƙiyar gyaɗa ce da ake zubawa a salatin tumatir da miya.) Sannan a ɗora a tire a kai bakin kasuwa kafin lokacin fatur, karin kumallon hantsi, don a lokacin ne ciniki yake. Talatu ce mai suya tare da Inna, ita ce mai ƙulli, ita ce mai zaman tire da Ummi a baya, ita ce mai lissafi da daddare.

Lissafin da aka kawo mini babu kuskure a cikinsa. Kuɗin ne ke narkewa a hannu: abin da ka sayar yau ba ya sayo maka gyaɗar da ka soya jiya. Na faɗa wa Inna haka, sannan na ce mai wannan hannun bai kamata ta tsaya a littafin bashi ba. Ta yi shiru, ta ce, "Ustaza, in kin ga hanya."

Gwajin farko, da kuskurena

Da aka kwashe masu gudun hijira daga ajujuwa aka buɗe makarantun yankinmu, sai na ɗauki Talatu na kai ta wata sakandaren 'yan mata. Shugabar ba ta nuna mana wata takarda da ta hana ba. Ta dai ce iyaye za su yi surutu, matar aure a cikin 'yan mata za ta buɗe musu ido. Na ce mata yaran da suka kwana a kan hanyar Dindir babu sauran abin da ya rage a buɗe musu. Ta karɓe ta bisa sharaɗin kada a ga jaririya a harabar makaranta. Na fito ina jin na yi abin kirki. A gida ma kowa ya sa albarka. Kawu ya ce ɗa na kowa ne, matarsa ta ce ai ba komai, Kaka ta ce a bar mata takwararta.

Wannan "ai ba komai" ɗin ce ta cuce mu. Kowa ya yi alkawari, ba wanda aka ɗora wa rana ko sa'a. Ni kuma ban tambaya ba.

Tana fita da sassafe, sai bayan azahar take dawowa, kusan awa shida, Ummi kuwa ba ta cika wata biyar ba. Kaka tana da niyya amma idonta ya yi rauni, kuma a saninta jariri in ya yi kuka ƙishi yake ji. Ta fara ɗura mata ruwan randa da cokali. Da kukan ya ƙi ƙarewa aka sayo madarar gari da bulumboti, ana dama ta tsararo don gwangwanin ya kai mako, ana ɗauraye robar da ruwan da ya samu. Cikin mako na uku yarinya ta kama zawo. A garin da kwalara ba ta gama fita ba, ba sai na faɗa muku irin daren da gidan nan ya kwana ba. Ba ita ba ce, alhamdu lillahi. An ba ta ruwan gishiri da sukari na asibiti da ƙwayar zinki ta warware, amma ma'aikaciyar lafiyar ta yi mana wankin babban bargo, ni da Inna, kuma da gaskiyarta: wata shidan farko nono zalla, ko ruwa ba a ba jariri.

Ita kuma uwar tata wahalar daban ce, wadda ba ta faɗa wa kowa ba. Kafin a tashi fatur nono ya cika ya yi tauri, yana yi mata zogi har hammata. Wata rana malami ya kira ta allo, tana cikin warware lissafi ya tsiyaye ya jiƙe gaban rigarta, ya ɓullo ta hijabi. Ta ji dariya a bayanta. Ta ajiye alli, ta rungume littafi a ƙirji, ta tsaya fuskarta a allo har aka kaɗa ƙararrawa. Kwana tara ba ta koma ba. A gida cewa ta yi ana gyaran aji. A wurin wa za ta kai wannan ƙara? Uwarta ko sunanta ba ta kira, balle su zauna zancen nono.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na uku, kuma ba ni na gano shi ba. Wata abokiyar aikina da ke koyarwa a firamare ta tare ni a hanya ta ce, "Yarinyar gidan maƙwabtanki, 'yar aji biyar, lafiya? Mun fi wata ba mu gan ta ba." Ƙanwar Talatu take nufi, 'yar shekara 11. Washegari da hantsi na bi ta bakin kasuwa. Ga ta zaune a bayan tire, ta lanƙwashe ƙafa, tana ƙirga canji da yatsu. Tun ranar da yayarta ta koma aji ita ta gaji tiren, in ta dawo kuma ta karɓi goyo. Ba wanda ya yanke hukuncin a cire ta daga makaranta. Tire dai ba ya kai kansa kasuwa, ita ce kuma wadda ba ta da bakin cewa a'a. Mako shida ina yawo ina ba da labarin na mayar da yarinya makaranta, ashe tufka nake ta wannan gefe ana warwara ta wancan. Na shigar da ɗaya, na fitar da ɗaya.

Zaman da aka yi

Na roƙi Kawu ya tara gidan ranar Juma'a bayan an sauko. Muka zauna a ƙarƙashin rakuba, wato rumfar tsakar gida, maza a tabarma ɗaya, mata a ɗaya. Na zo da takarda na ja mata gidaje bakwai, na ce yau ba albarka na zo nema ba, suna na zo rubutawa. Kowace sa'a da Talatu za ta yi a aji, akwai wanda zai biya ta a gidan nan, da bayansa ko da aljihunsa. Gara mu san mai biyan, ya kuma faɗa da bakinsa cewa ya yarda.

Da farko an ji haushina. Matar Kawu ta ce yaushe aka fara rubuta zumunci a takarda. Amma da aka ɗan jima ita ce ta fara fito da abin da ke cikinta: gidanta ne, ɗakinta ta ba baƙi, 'ya'yanta uku na kwana a tsakar gida, yanzu kuma a ƙara mata reno ba tare da an ko tambaye ta ba. Ban ga laifinta ba. Wanda aka yi shekara ana zaune masa a ɗaki, ba a ce masa marowaci don ya yi tsaki.

Kaka kuwa nata maganin a shirye yake, kuma shi ne na gargajiya: a yaye Ummi da wuri a ba ta riƙo gaba ɗaya, uwar ta koma budurwarta. Ai ɗan fari ba na uwa ba ne. Dukkanmu a haka muka tashi. Ita ma Talatu a gaban mutane ba ta yi wa 'yar wasa, ba ta ɗaukarta sai an miƙo mata, in tana shayarwa sai ta juya baya. Ina girmama wannan kunya, tana da amfaninta, ita ce ke sa yaro ya tashi da iyaye da yawa. Amma na lura tana rufe wa manya ido, su ɗauka yarinyar ba ta damu da 'yar ba, saboda haka raba su ba zai yi mata ciwo ba. Na ce a tambaye ta. Ba ta iya magana a gaban Kawu da Baba ba, sai muka shiga bukka ni da ita da Inna. Kanta a sunkuye ta ce, "Inna, ina son karatun. Amma in sai an karɓe ta, na haƙura da shi." Inna ba ta amsa mata ba. Ta dubi ƙofa ta ce da ni, "Kin ji abin da ta ce." Daga nan ba a sake tayar da zancen riƙo ba.

Abin da aka tsayar

Makarantar safe muka fara ajiyewa, duk da ni na yi faɗan shigar da ita. Akwai ajin yamma da wasu malamai ke yi wa masu shirin zana jarrabawa daga gida da waɗanda karatu ya tsere musu, awa uku bayan azahar, kwana huɗu a mako. A ajin akwai zawarawa, akwai masu goyo, akwai wadda ta haifi Talatu, ba mai yi wa wani dariya. Awa ukun nan ita ce gishirin shirin. Mun yi tunanin tatsar nono a ajiye, amma awa huɗun da ake cewa yana yi a ɗaki na wuri mai sanyi-sanyi ne, mu kuwa daga Maris zuwa Mayu zafinmu yana haura 40, wuta kuma sai ta ga dama. Da awa uku ba a bukatar wannan. Ta shayar ta ƙoshi kafin ta fita, ta shayar da ta dawo. Da Ummi ta cika wata shida aka fara ba ta kunun gyaɗa da cokali a tsakani, aka jefar da bulumbotin.

Reno aka raba shi da suna. Lahadi da Talata Inna, Litinin da Laraba matar Kawu. Ita matar Kawu ba kyauta take yi ba, kuma ni na nace a kan haka: Talatu na yi wa 'ya'yanta bitar lissafi da Larabci bayan magariba, tana kuma samun dakwar miyarta ta mako ba ta biya. Tun da abin ya zama ba ni gishiri in ba ka manda, tsakin ya ragu. Kaka aka ba ta sarautar zama kusa da jaririya da yi mata waƙa, aka roƙe ta cokalin ruwa ya huta.

Tiren shi ya fi wuya, don shi ne cikin gidan. A nan Kawu ya yi abin da ban zata ba. Yana da aboki mai agashe, gasasshen nama irin tsire, kuma agashe ba ya yiwuwa sai da garin gyaɗa a yajinsa. Ya haɗa su, mutumin ya riƙa saye a dunƙule duk kwana biyu. Talatu da kanta ta zagaya wurin mata masu shayi uku da mai kanti ɗaya ta ajiye musu ƙullin gyaɗa a kan sari, tana karɓar kuɗi ranar Alhamis. Ribar sari ba ta kai ta tire ba, ita ta lissafa ta nuna wa kowa cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu zai tafi. Baba ya ce zai cike da ganga ɗaya ta ruwa kullum, wadda a da sayarwa yake yi, gida kuma ya sayi ruwa a wani wuri in ya yanke. Kuɗin aji da na kwafin littattafai daga sanduk suka fito, wato adashin matan layinmu, aka ba Inna ɗiban farko. Ƙanwar ta koma aji biyar ranar Lahadin da ta biyo baya, na kuma rubuta a ƙasan takardar, da manyan baƙaƙe, cewa ba ta taɓa tire ranar makaranta.

Akwai ƙananan abubuwa da ba a rubuta ba amma suka riƙe shirin. Daya ta gano jinin Talatu ya yi ƙasa ta sa ta a kan ƙwayar ƙarin jini, don yarinyar da ke girma tana kuma shayarwa ciki biyu take ciyarwa. Katin rigakafin Ummi a cikin littafin lissafi yake zaune, saboda shi ne littafin da ba a kwana ba a buɗe ba, kuma ta samu allurarta ta ƙyanda a wata tara. Karatun dare bai yiwu ba, mai tashi kafin asuba ba ta gane komai bayan isha'i, sai aka bar mata rabin sa'a bayan an sauke kaskon ƙarshe, kafin rana ta yi zafi. Baba, wanda in ban da maganar ganga bai ce uffan ba a zaman rakuba, shi ne yake tsayar da karonsa a ƙofar gida bayan azahar, ya ce wai hanyarsa ce. Ba hanyarsa ba ce.

Mijin

Ba a yi komai a bayan idonsa ba. Kawu ya jira har ya samu layi ya kira, ya gaya masa a matsayin shawara. Ya ce in dai ba kwana za ta yi a waje ba, kuma yarinya ba za ta wahala ba, shi bai hana ba. Yakan turo kuɗi ta Bankak, manhajar banki ta waya, in ya samu, wani lokaci wata biyu shiru. Ban ɗauke shi mugu ba, yaro ne shi ma da bai wuce ashirin da 'yan kai ba, wanda ya kwana da raksha ya tashi ba ko taya. Amma izinin da aka bayar daga nesa, mutum na cikin rami yana neman abin kai wa baki, ba lallai ya zama shi ne izinin da zai bayar ranar da ya dawo ya tarar da matarsa ba ta gida da la'asar ba. Uwarsa, goggon Talatu, tana Kasala, kuma tun da sojoji suka karɓe Madani a Janairun 2025 take cewa lokaci ya yi da kowa zai koma ɗakinsa. Daya ta zaunar da Talatu ta yi mata bayanin tazara, cewa jikinta na bukatar aƙalla shekara biyu kafin wani cikin, ta kuma ce maganar ta fi kyau a yi ta da mijin a zaune. Yaushe, Allah masani.

Inda aka tsaya

Kada a ɗauka labarin cin nasara nake bayarwa. Sa'o'inta da suka fara sakandare tare, waɗanda ba a aurar ba, sun yi mata nisa. A lissafi ita ce ta farko a ajin yamma, a Larabci ba laifi, Ingilishi kuwa har yanzu ciwon kai ne, kuma yana cikin darussan da babu makawa sai an zana a jarrabawar shahadar Sudan, ta gama sakandare. Duk lokacin da Ummi ta yi zazzaɓi ko haƙori, makon ya tafi. Sau biyu shirin ya kusa rushewa: da Inna ta kwanta da ciwon baya, da kuma lokacin da mai agashe ya samu mai ba shi da araha. A karo na farko na tarar da ƙanwar da goyo ranar Talata, na tsaya a ƙofa ban ce komai ba, matar Kawu ta taso ta kwance yarinyar daga bayanta ta ce maza ta ɗauki jakarta. Ita ƙanwar ta ci aji biyar da kyar, mako shidan nan sun bar mata rami a lissafin kasafi da har yanzu muke cikewa.

Da aka yi jarrabawar shahada da aka ɗage, wadda aka fara ranar 28 ga Disamban 2024, Talatu ta tsaya a bakin hanya da Ummi a baya tana kallon 'yan matan da ke shiga da katinsu a hannu. Na tambaye ta me take so ta zama, ina jiran in ji likita kamar yadda kowa ke faɗa. Ta ce ita ofishin kasuwar amfanin gona take so, inda ake rubuta buhunan riɗi da dawa, don ta lura masu rubutun ba sa tashi da asuba su soya komai.

Takardar mai gida bakwai tana nan a soke a jikin zanar rakuba, ruwan sama ya wanke rabin sunayen. Makon jiya mijin ya kira ya ce yana sa ran zuwa kafin azumi. Kawu ya ce in ya iso, shi ma za a shimfiɗa masa tabarma, in zo da alƙalamina.